Kyanwar da ke Ƙirjin Ummi

Litinin, 7 ga Agusta, 2023

Mura ta dawo wa Ummi. Karo na huɗu ke nan daga ƙaramar Salla zuwa yau. Jiya atishawa, yau hanci na zuba, kuma na san abin da ke tafe don na haddace shi: ranar farko majina, ta biyu tari, ta uku sai kyanwar nan ta farka a ƙirjinta. Haka nake kiran abin. Duk numfashin da za ta fitar sai ka ji wani siririn kuka, ƙiii, kamar an danne ɗan kyanwa a ƙarƙashin gado. Yarinya 'yar shekara biyu da wata bakwai, fisabilillahi.

Kuma na san inda ta kwaso. Ranar Juma'a Babanta ya ɗora ta a gaban babur ya kai ta Ƙarfi gaishe da Tsohuwa, mahaifiyarsa, ba hula ba safa, ga hadari ya haɗo. Na yi magana ya ce wai iska ba ta kisa. To ga shi nan. Shi yana can cikin masararsa, ni ce da sharce majina.

Shekara tara na yi a gidan nan kafin Allah ya ba ni ita. Tara. Duk wanda bai zauna ya ƙirga watanni irin nawa ba, ya yi mini shiru a kan yadda zan riƙe 'yata.

Na rufe taga, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, na zuba garwashi a kasko na watsa kajiji da ɗan hawi. Ɗakin ya yi ɗumi, ya yi ƙamshi. Sanyi dai ba zai same ta a hannuna ba.

Laraba, 9 ga Agusta

Kyanwar ta farka tun da hantsi. Ina daga bakin murhu nake jiyo kukan ƙirjin.

Na goya ta zuwa wajen mai kemis na bakin kasuwa. Ko ɗaga ido bai yi ya dube ta ba, ya miƙa hannu ya ɗauko ruwan maganin nan mai ruwan hoda, irin na wancan karon, da na wanda ya gabace shi. Na ce Malam, kwalba ta uku ke nan fa. Ya ce sanyi ne ya kama mata haƙarƙari, a kiyaye ta da iska. Wannan ɗaya kam ya faɗi gaskiya, in ma sauran shirme ne.

Na ƙara mata suwaita a kan suwaita.

Alhamis, 10 ga Agusta

Ko koko ta ƙi sha. Babanta ya leƙo ya ce "Allah ya sawwaƙe," ya ɗauki fartanya. Mtsw.

Asabar, 12 ga Agusta

Yau raina ya ɓaci irin wanda ya daɗe bai ɓaci ba.

Tsohuwa ta zo daga Ƙarfi duba jiki, da ɗanyar masara a buhu. Na tarbe ta, na shimfiɗa tabarma, na ce ta shigo ciki. Tana ɗaga labule sai ta ja da baya ta hau tari, har da dafa ƙirji. "Sa'adatu, a nan ciki kuke kwana? Ni da na tsufa ma ƙirjina ya ɗaure, bare ɗiyar nan." Kafin in ce uffan ta wuce ta bankaɗe mini taga. Tagata! A ɗakina! Wai ɗiyar iska take so. Ta dubi kaskon ta ce, "Wannan kau ki fidda shi waje."

Na ce Inna, turare ne. Ta ce ta sani, hayaƙi dai hayaƙi ne.

Ka ji fa. Matar da zanenta ke warin daddawa da tokar murhu ita ce za ta koya mini abin da ake shaƙa. Astagfirullah, uwar mijina ce, amma takarda ce, ba wanda zai gani.

Turaren nan ba a titi na tsince shi ba. Iya, Allah ya ji ƙanta, a Funtuwa ta koya wajen wata Babarbariya da suka yi haya gida ɗaya, ta shekara ashirin tana haɗa wa amare. Mu bakwai ta haifa, a cikin ƙamshin nan muka buɗe ido, wanne ne ya mutu? Wanne ne ƙirjinsa ya yi kuka? Ranar da za ta cika, ba zinari ta bar mini ba, kaskon nan ne da hannunta. Ummi sunanta ta ci, Ummukulsum, shi ya sa ba na iya kiran sunan. Yanzu a zo a ce mini abin da uwata ta rene ni da shi, shi ke cutar da takwararta?

Na jira ta tafi, na rufe tagata. Masarar ma ban dafa ba.

Lahadi, 13 ga Agusta

Na gaya wa Baban Ummi abin da ya faru, ina tsammanin zai ce "ki yi haƙuri." Sai ya tsaya sosa ƙeya. Wai shi ma wani lokaci in ya shigo idonsa na yaji. Na ce shekara goma sha ɗaya kana shiga ɗakin nan kana cewa kamar ɗakin amarya, yau da Tsohuwa ta yi tari ne idonka ya fara yaji? Ya ce, "Sa'a, ba faɗa na zo yi ba." Na ce ni na zo.

Ya ci tuwonsa a zaure.

Talata, 22 ga Agusta

Ummi ta warware, alhamdu lillahi. Tana ta surutunta, ta cinye ƙosai biyu. Da tagar a rufe ta warke, a rubuta wannan.

Hajiya Baturiya ta zo daga Bakori, za ta aurar da 'yarta tsakiyar watan gobe, ni take so in yi haɗin turaren gaba ɗaya: na ɗaki, na kaya, na tsugunno. Na sa mata kala uku a garwashi ta ji. Ta lumshe ido ta ce duk Malumfashi da Bakori ba mai hannuna. Da ma Tsohuwa na nan ta ji da kunnenta.

Ummi na kan cinyata ta ɗan yi tari. Ragowar murar ce.

Asabar, 2 ga Satumba

Kwana uku ina suyar itace da sukari. A falo nake yi saboda ruwan sama ba ya barin tsakar gida, kuma in danshi ya taɓa haɗin ya lalace. Ummi ta zama 'yar kallo, tana miƙo mini murfin kwalba tana cewa "anshi, anshi." Iya sak.

Da yamma na ji atishawa. Sau uku.

'Ya'yan Adawiyya maƙwabciyata ne, na rantse. Shekaranjiya suka shigo da hanci caɓe-caɓe, suna sha mata a kofi. Na aika mata cewa ta riƙe yaranta sai sun warke. Ta aiko cewa wai yara ai da mura suke girma. Nata su girma da ita, tawa guda ɗaya ce.

Laraba, 6 ga Satumba

Daga asibiti nake rubutu, a kan benci.

Jiya bayan azahar ina cikin zuba haɗi a kwalabe sai na ji shiru. Ummi ba ta shiru. Na juya na gan ta zaune ta dafa ƙasa da hannu biyu, wuyanta a miƙe, hancinta na buɗewa yana rufewa. Na ɗaga rigar. Ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki duk numfashi, kamar ana tsotse ta daga ciki. Kuka ma ta kasa. Ta kalle ni ta ce "Ma," sauran bai fito ba.

Ban san yadda na fita ba. Takalmi wari da wari. Adawiyyar da na yi wa aike ita ta tare mana Keke, ita ta riƙe mini jaka har asibiti, ita ta kira Babanta daga gona.

Suka kifa mata wani abu a hanci da baki mai fitar da tururi. Tana fizge-fizge ina danne ta ina kuka. Sau uku suka yi mata kafin ƙirjin ya saki.

Sai ga wata nas, doguwa mai tabarau. Ta ɗauki rigar Ummi da na cire ta kai hanci. "Wa ke turara mata kaya?" Na ce ni, uwarta. Ta ce a ɗaki nake kunnawa? Kullum? Taga a buɗe ko a rufe? Kamar 'yar sanda. Babanta na tsaye, maimakon ya yi shiru, sai cewa ya yi, "Sana'arta ce ma, Sista." Na harare shi har sai da ya kau da kai.

Ta zauna ta yi mana karatu. Wai mura da kanta take zuwa ta tafi, yaro ƙarami zai iya yin ta sau da yawa a shekara, kuma ruwan maganin da nake ɗura mata ba abin da yake yi wa mura. Wai wasu yaran hanyoyin iskar ƙirjinsu sirara ne, in mura ta zo sai su kumbura su matse, kukan da nake ji ke nan. In kuma aka ƙara da hayaƙi, ko na itace, ko na maganin sauro, ko na turare, sai su ƙara tsukewa. Na ce turare ba hayaƙin murhu ba ne. Ta ce, "Hajiya, hancinki ne ya san bambanci. Huhunta bai sani ba."

Na ce mu bakwai aka rena a ciki. Ta ce ku bakwai ba ita ba ce.

Ta ba mu abin shaƙa, shuɗi, irin na masu asma, da wata gorar ruwa ta roba da aka huda gindinta, aka yanke bakin aka naɗe da auduga da filasta. Wai a soka abin a gindin, a kifa bakin a fuskarta, a fesa, ta ja numfashi. Gorar ruwa. Abin da ake zubarwa a bola shi ne magani, turaren da Hajiyoyi ke hawo mota daga Bakori dominsa shi ne cuta. Duniya ta juye.

Alhamis, 7 ga Satumba

An sallame mu.

Babanta ya dawo da mu. Muna shiga gida ya tsaya a tsakiyar falo, ya dubi kwalaben Hajiya Baturiya, ya ce gobe zai kai Ummi Ƙarfi ta yi kwana goma, har in gama aikin bikin. Nas ɗin ce ta sa masa wannan a kai, na ji lokacin da ta ce a gwada canja mata wuri a gani.

Na ce yarinyar da aka cire wa robar iska jiya ita za ka kai ƙauye? Ɗakin da tagarsa ba marfi? Gidan awaki da kaji? Ya ce, "Na yanke." Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa ce mini na yanke ba. Na ce in wani abu ya same ta, ban yafe ba, kuma in gaya maka, ba kai ba, ba Tsohuwa ba. Ya ce ya ji.

Wato ni ce cutar. Ni da na ɗauke ta wata tara bayan jiran shekara tara, ni za a raba ta da ni don ta samu lafiya.

Juma'a, 8 ga Satumba

Sun tafi da safe. Na haɗa mata kaya, suwaita uku, hula, safa. Sai da na jera su a kan kabbasa, kwandon da nake kifawa a kan kasko, suka sha turare sosai, don ta riƙa jin ƙamshina. Na cusa gorar da abin shaƙar a gefen jaka.

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Babur ta gani.

Lahadi, 10 ga Satumba

Waya na hannuna ko banɗaki zan shiga. Ba ta yi ƙara ba.

Talata, 12 ga Satumba

Babanta ya dawo daga gona, ya biyo ta Ƙarfi, ya ce Ummi na gaishe ni, amma ta ɗan kwashi sabuwar mura wajen 'ya'yan ƙanensa. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Na ce madalla, ai na faɗa.

Yau majina. Gobe tari. Jibi Alhamis.

Zan rubuta wani abu, Allah ya yafe mini. Da ya faɗa, kafin tsoro ya zo, wani abu ne ya fara zuwa. Daɗi. Ɗan mitsitsi, amma daɗi ne. Na ce a raina yanzu za su gani, kyanwar za ta farka a ɗakin Tsohuwa inda ba kasko ba turare, in ga bakin da za su yi magana da shi. Wace irin uwa ce ke jiran ƙirjin 'yarta ya toshe don ta ci gardama? Su suka mai da ni haka.

Alhamis, 14 ga Satumba

Na ce wa Babanta sai ya tafi da ni Ƙarfi, ko in hau motar haya. Ya goya ni.

Tun daga bakin zaure nake kasa kunne. Na shiga na tarar da ita tsakar gida, ba takalmi, ba suwaita, 'yar shimi ce kawai a jikinta, majina har leɓe, tana bin kaza da gasasshiyar masara a hannu. Bin kaza! Da gudu! Na fizgo ta na kara kunne a ƙirjinta. Na juya ta na kara a baya. Majina na ƙara a hanci, tari na nan jefi-jefi. Kyanwa babu.

Na ce ta yi shiru in ji da kyau. Babu.

Tsohuwa na bakin rumfar da take girki, can ƙarshen gida, tana tsinke zogale. Na gaishe ta, na ce an yi ta fesa mata abin nan ke nan. Ta ce kwana biyun farko ta yi yadda aka ce, daga nan gorar na rataye, ba ta sake buƙata ba. Na ce ina kayan da na haɗo? Ta nuna igiya da haɓa. Duk ta wanke su, tun ranar da aka zo. Sau biyu, wai.

Wanke su. Kamar na aiko da kayan kashi.

Da zan tafi Ummi ta rungume ni ta cusa fuska a hijabina. Ta ɗago ta yi tari, ta sake yi, ta murza hanci. Tsohuwa ta sunkuyar da kai ga zogalenta. Da ma ta yi magana, da na samu abin mayarwa.

Allurar asibiti ce ba ta gama sakinta ba. Shi ne kawai. Kowa ya san maganin asibiti na daɗewa a jiki.

Lahadi, 17 ga Satumba

Hajiya Baturiya ta aiko an kwashi kaya. Ta kira ta yi ta sa albarka.

Gobe Ummi za ta dawo. Na share ɗaki, na canja zanen gado, na ciro 'yar rigarta ja ta Salla. Kwana goma tana warin awaki, gobe za ta san ta dawo gidan uwarta.

Litinin, 18 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi na turara ɗakin. Ba da yawa ba. To, da ɗan yawa. Na sa na Iya, wanda ba na sayarwa, na rufe ƙofa don ya kama labule da katifa. Rigar ma na ɗora ta a kabbasa. Kafin su iso garwashin ya mutu, hayaƙin ya kwanta, ƙamshi ne kawai ya rage. Na ce ai yanzu ba mai cewa hayaƙi.

Babanta ya sauke ta bayan azahar ya koma gona, ana karyar masara. Ta shigo da tsallenta, ta yi kumatu, murar saura kaɗan. Na yi mata wanka da ruwan ɗumi, na sa mata jar rigar, na kwantar da ita a gado, na ja labule. Na zauna ina kallon ta ina jin daɗi.

Ba a kira la'asar ba ta fara tari. Busasshe, ɗaya na bin ɗaya. Na ce ƙwarewa ta yi, na ba ta ruwa. Ta tashi zaune. Ta dafa katifa da hannu biyu.

Ƙiii.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina neman wanda zan ɗora wa. Wallahi sai da na nema. Ba a ɗora ta a babur cikin hadari ba, rana ake yi tarwai. 'Ya'yan Adawiyya ba su shigo ba. Tsohuwa na Ƙarfi. Daga ni sai ita sai ɗakin.

Na sure ta na yi tsakar gida. Na tuɓe rigar, maɓalli ya ƙi, na fizge har ya tsinke, na yi jifa da ita. Na tuɓe hijabina da ɗankwalina na watsar. Na zazzage jakar a ƙasa, gorar ta gangaro. Gorar bolar. Na soka abin, na kifa mata, na fesa, ina ƙirga numfashin da ƙarfi yadda mai tabarau ta nuna, ashe na riƙe duk da ina hararar ta. Ɗaya, biyu, ja Ummi, ja don Allah, uku. Na sake fesawa. Na sake.

Muna zaune a gindin dalbejiya, ita tsirara ni kai ba ɗankwali, har kukan ya fara sirancewa. Ya koma sai na kara kunne nake ji. Ta kwantar da kai a kafaɗata ta ce, "Mama, uwa." Ruwa take so. Kalma biyu a numfashi ɗaya.

Haka ya dawo ya same mu. Ya dubi jar rigar a ƙasa. Ya ɗaga labulen ɗaki, ya tsaya, ya saki. Na shirya. Na ce a raina faɗi, faɗi in ji, yau ko ni ko kai. Bai faɗa ba. Ya ɗauko mini wani hijabin daga igiya, ya tayar da babur muka kai ta aka duba. Suka ce ta saki, mu ci gaba da fesawa, in ta sake lotsawa mu dawo da gudu. Allah ya taimake ni ba mai tabarau ce a bakin aiki ba.

A zaure muka shimfiɗa mata katifa.

Talata, 19 ga Satumba

Me ya sa ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini da kyau?

An faɗa. Na sani. A bar ni.

Asabar, 23 ga Satumba

Na sauke labulaye na wanke. Dama sun yi datti, tun Babbar Salla nake cewa zan wanke. Ruwan farko baƙi ƙirin ya fito, har da maiƙo. Na tsaya ina kallon ruwan a baho. Sau uku na sake.

Katifa kwana huɗu tana shan rana, har yanzu in ka danna tana hucin hawi. Bangon saman inda nake ajiye kasko ya yi wani rawaya-rawaya, ban taɓa lura ba.

Wata ta zo sayen turaren kaya, ta ce in sa mata a wuta ta ji. Na ce garwashi ya ƙare. Ta leƙa murhu ta kalle ni. Na ce in za ta saya ta saya, in ba za ta saya ba ƙofa a buɗe take. Ta saya.

Adawiyya ta ce ɗakin bayan gidansu da suke ajiye buhuna ba kowa sai an gama girbi, kuma yana da ƙofa ta waje. Ban roƙe ta ba, ita ta kawo maganar. Na ce zan duba. Na kai kwalaben jiya, don falon ya yi mini ƙunci ne kawai. Na bar tsohuwar atamfa ɗaya a can ta aiki.

Har yanzu ina jin haushin mai tabarau. Akwai yadda ake gaya wa mutum magana.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Mura ta zo ranar Litinin. Na ƙirga. Laraba ban yi girki ba, ban je ko'ina ba, gorar na kan cinyata. Ta yi tari, da yamma na ji wani ɗan siririn abu can ƙasa, na fesa mata sau ɗaya ya wuce. Jiya ta fasa mini kofi.

Tsohuwa ta zo yau da sabuwar gyaɗa. Ta ɗaga labule a hankali, ta shigo, ta zauna a bakin gado. Ba ta yi tari ba. Ta dubi tagar, ta ce, "Ɗakin nan ya yi iska."

Na ce zafi ake yi, Inna.

Yayyafi ake tun safe. Ta gyara mayafinta ta rufe kafaɗa ta ce, "Ƙwarai kau, ana zafi." Na dafa gyaɗar, muka ci tare.

Kaskon na wanke shi, na naɗe a zanen Iya, yana ƙasan akwati. Ba yar da shi na yi ba, ajiyewa na yi. Bayan Tsohuwa ta tafi na fito da shi na kai bayan gida, na kwance, na kai hanci. Ƙamshin yana nan. Na ɗan daɗe a can. Sai da na wanke hannu da fuska da sabulu kafin in shigo.

Ɗakin ba ya ƙamshin Iya yanzu. Ba ya ƙamshin komai. In na shigo sai in ji kamar ɗakin wata.

Ummi ta yi barcin la'asar a jikina. Na sunsuni kanta, zufa da man gyaɗa da wani abu nata na kanta da ban taɓa ji ba, shekara biyu da wata tara. Na kara kunne a ƙirjinta. Zuciya ce kawai ke bugawa, iska na shiga tana fita.

Tuwona ya kama a tukunya, ina jin ƙaurin. Ban ɗaga kunnen ba.